Bazarar da Na Fitar da Firij Rana

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ya ga abin da na yi tun kafin in yarda cewa na yi shi. Na daɗe ina kewaye wannan babin. Na rubuta muku ƙuruciyata a Yasore, na rubuta yadda na fara da karen mota har na zama direba, kuma duk bai yi mini wuya ba, domin akwai abin bugun ƙirji a ciki. A nan babu. Amma ku 'ya'yana shekara uku ke nan kuna faɗin wata magana a kan mahaifiyarku, wai ita ta jawo wa kanta ciwon da ya raba ta da yatsu biyu na ƙafa, saboda tana shan zaƙi a ɓoye. Har ya zama abin tsokana in kun taru da Sallah. Ba ta sha ba. Ni ne na yi abin, kuma ga yadda aka yi.

Shekara talatin da 'yan kai ina jan mota tsakanin Batsari da Safana da Katsina. Da hanya ta lalace aka fara tare mutane, sai kuka haɗa baki kuka ce in ajiye makulli. Na ajiye, amma ban yafe muku da wuri ba. Na zama mutum mai faɗa a gida, kaza ma in ta gitta sai na yi mata tsawa. Ana haka Bashir, babban ɗana da ke gyaran kwamfuta a Kano, ya zo da wasu kaya a kwali: wani baƙin akwati, da talabijin, da sitiyari, da abin takawa mai totur da birki da kuloci. Ya ce tseren mota ake yi da shi, mutum yana zaune a ɗaki, hanya tana tahowa a cikin talabijin. Na ce masa ni ba yaro ba ne. Ya ce in dai taɓa. Na kama sitiyarin da hannu ɗaya don in faranta masa, sai tayar motar ta sauka kan tsakuwa, abin ya fizge hannuna kamar mota ta gaske. Wallahi sai da na ji hawaye. Kafin sati ya zagayo na je wurin makanikai na samo kujerar wata matacciyar mota, mai walda ya yi mata ƙafafu, na kafa ta a ɗakina.

Innarku takan leƙo ta tsaya a bakin ƙofa da ludayi a hannu.

"Malam, yau ina aka nufa? Legas ko Makka?"

"Matsa, kina tare mini haske."

"To in ka isa ka sayo mini goro. Ka gaida fasinja."

Ita kuwa ta kai shekara goma da ciwon suga. Allura ake yi mata safe da yamma, maganin yana zuwa a 'yan ƙananan kwalabe, Bashir ke aiko na wata uku a tare. Saboda waɗannan kwalaben ya sa mana sola da ɗan ƙaramin firij, aka ajiye shi a ɗakina domin a nan aka ja waya. Ranar da mai haɗa solar ya gama aiki ya kira ni ya nuna mini.

"Baba, batirin nan guda ɗaya ne. Firij da fitila biyu zai ɗauka lafiya. Ka ƙara talabijin da akwatin nan, zai ɗauka da ƙyar. Fanka kuwa sai dai ka zaɓa. In ka ji na'urar nan da ke juya wutar batirin, inbata, tana kuka, kaya sun yi mata yawa."

Da sanyi ban ga matsala ba. Sai bazara ta shigo. Ɗakina rufin kwano ne babu silin, da hantsi ya yi sai ka ji kamar an kifa maka tukunya mai zafi a ka. Wanda bai yi tseren nan ba ba zai gane ba, yana ganin zama ne kawai. Ba zama ba ne. Kafaɗa na aiki, ƙafa na aiki, zuciya na bugawa, minti goma rigarka ta jiƙe. Zufa ta shiga mini ido daidai kan kwana, tafin hannuna ya zame daga sitiyari, mota ta daki gini. Babu dabarar da ban yi ba. Na jiƙa rawani na naɗa a wuya. Na rataya jiƙaƙƙen buhu a taga. Na ajiye kwanon ruwa ina tsoma ƙafa tsakanin tsere da tsere, sai ƙafar ta riƙa sulɓewa daga birki. Na cire riga na zauna daga ni sai wando, dattijo mai jikoki. Kuma ba ni kaɗai nake jin zafin ba, akwatin ma yana ji. Sai ina kan gaba, saura zagaye ɗaya, ya yi huci ya ɗauke. Na taɓa shi sau ɗaya, kamar murfin lagireto. In na jona fanka kuwa inbata ta kama kuka, daga madafi zan ji muryar Innarku.

"Malam! Abin nan yana kuka!"

Sai in cire fankar ina ƙunƙuni.

A tsakiyar bazarar nan 'yar ƙanin Innarku ta haihu a Tsaskiya, Innarku ta shirya za ta je ta yi kwana tara har bayan suna. Ta ɗauki kwalbar da take kai, ta binne a jiƙaƙƙen yashi cikin ɗan tulu, yadda ma'aikacin asibiti ya koya mata don tafiya. Ta riga ta hau babur ta sake saukowa ta dawo bakin zaure.

"Sauran maganin yana ƙofar firij, cikin baƙar leda. Kwalba uku."

"Na ji."

"Malam, kalle ni. Ka ji?"

"Na ce na ji. Rana na yi, ku tafi."

Ƙurar babur ɗin ba ta kwanta ba na cire wayar firij na jona fanka. Iskar ta bugi ƙirjina, inbata shiru, akwati shiru. Washegari na lura firij ɗin yana tsaye daidai inda iska ke shigowa daga ƙofa, tunda a kashe yake amfanin me yake yi a nan? Na ja shi na fitar tsakar gida, na jingina da katangar da rana ke duka tun daga azahar har la'asar sakaliya. Ba zan ce muku mantawa na yi ba, domin ƙarya ce. Na buɗe shi, na ga baƙar ledar. Na tsaya na yi tunani irin na direba. Na ce man juye a galan in ba a fasa bakinsa ba yana shekara a but ɗin mota cikin rana bai lalace ba, waɗannan kwalaben ma a toshe suke da roba da ƙarfe. Na ce ai ƙofar firij tana da roba, za ta riƙe sanyi. Da wannan ilimin nawa na rufe ƙofar na koma kujera. Kwana taran nan ban taɓa jin daɗin abin kamar su ba. Fanka tana kaina, in akwati ya yi zafi in juya masa ita. Wata hanya mai hawa da gangara da ta shafe wata biyu tana kayar da ni, a ranar ta biyar na zo na ɗaya. Na miƙe tsaye ni kaɗai a ɗaki ina kabbara.

Ana gobe za ta dawo na ja firij ɗin ciki. Da na buɗe ƙofar wani zafi ya bugi fuskata kamar na ɗaga bonet bayan doguwar tafiya, ga warin roba. Na ɗauko kwalba ɗaya, ɗumi gare ta kamar kofin shayi. Na ɗaga ta a haske, na girgiza, ban ga abin da ya canza ba. Na mayar, na jona waya. Da safe na taɓa, sun yi sanyi ƙalau. Na ce wa kaina to ai shi ke nan.

Ta dawo da ɗan rauni a ƙafa, kututturen kara ta taka a bayan ruga. Bayan kwana huɗu kwalbar tafiya ta ƙare, ta fasa ɗaya daga cikin ukun. Ba a yi sati ba na fara ganin abin da nake tsoro. Ba ta rabuwa da bakin randa, ta sha ta sha ta ce maƙogwaronta a bushe yake. Daga randa sai bayan gida. Zane ya fara yi mata yawa. Raunin ƙafar, maimakon ya kame, sai bakinsa ya yi baƙi. Zainabu, 'yata da ke aure a unguwar da ke bayanmu, ita ta ce a tafi asibiti, muka tafi mu uku. Ma'aikacin ya soki yatsarta ya gwada, ya kalli abin gwajin, ya sake gwadawa.

"Hajiya, me kike ci?"

"Abin da na saba."

"Allura fa? Ana yi kan lokaci?"

"Ni nake yi mata yanzu," in ji Zainabu.

"Ina kuke ajiye maganin?"

"A firij. Sola gare mu, ba ya mutuwa."

Ya juyo ya dube ni. Ina tsaye a jikin ƙofa da hulata a hannu.

"Haka ne, Baba?"

"Haka ne," na ce.

Ya ƙara mata yawan allurar. Bayan sati muka koma, ba sauƙi, ya sake ƙarawa, har ta kusa ninka wadda ta saba.

Tunda an ce ba daga magani ba ne, sai laifin ya koma kanta. Zainabu ta fara sa mata ido a kan kowace loma. Ta rage mata tuwo, ta hana ta koko, kullum zogale da ɗan wake. Rannan ta shiga ɗakin uwarta ta yi bincike, ƙarƙashin katifa, cikin kwanukan jere, har ta samu ƙwayar suga uku a ƙulle a bakin wani tsohon ɗankwali. Ta kira Bashir ta buɗe muryar waya a tsakar gida. Ina ɗakina a kan kujerar motar, talabijin a kashe, bango ɗaya ne tsakaninmu.

"Inna, don girman Allah," na ji muryar Bashir, "me kika sha a wurin sunan nan? Ki faɗa mana, ba faɗa za mu yi ba."

"Babangida, nono tsagwaronsa na sha. Ko fura ban dama ba." Haka take kiransa, ba ta taɓa faɗin sunansa ba, ɗan fari ne.

"To wannan fa?" in ji Zainabu. "Ga shi a hannuna, Yaya. Uku ne suka rage, Allah kaɗai ya san nawa ne da."

"Likita ne ya ce in riƙa ajiyewa, tun shekarun baya, ko da suga zai faɗi."

"Inna, suganki faɗuwa yake yi? Kullum sama yake!"

"Muna can muna fama," in ji Bashir, "ke kuma kina nan kina kashe kanki."

Na ji Innarku ta tashi. Na ji ƙarar buta, tana alwala. Na ji ta shiga ɗaki ta fito. Sannan na ji muryarta, ta dafa Alƙur'ani tana rantsuwa a gaban 'ya'yan da ta haifa cewa zaƙi bai shiga bakinta ba. Bashir ya ce, "To Allah ya sawwaƙe," da muryar wanda bai yarda ba. Ni kuwa ina riƙe da sitiyari da hannu biyu. Taku biyar ne daga kujerar zuwa ƙofa. Ban tashi ba.

Kun san ni da faɗa, ba ku san ni da tsoro ba. Tsoronku nake ji. Ina tunanin yadda za ku dube ni, tsohon da ya musanya maganin matarsa da iskar fanka don wasan yara. Kowace safiya in na dawo daga masallaci sai in ce yau zan faɗa, in na ga fuskar Zainabu sai in ce gobe. Na riƙa ce wa kaina ai ban tabbata ba, wataƙila ciwon ne ya tsananta da kansa. Abinci ya daina shiga mini. In ta yi tari sai in zabura. Kuma abin kunyar, a cikin kwanakin nan ma na kunna akwatin sau biyu, na kashe murya don kada a ji.

Daga ƙarshe na samo dabara, kuma dabarar ce ta kusa kashe ta. Na kira Bashir a keɓe na ce ina zargin maganin da ya aiko wannan karon jabu ne, ya sayo a wani wurin. Na ɗora wa wani bawan Allah mai kanti, wanda ban taɓa gani ba, laifin da ni na yi. Bashir ya ce ba ya jin haka, amma zai aiko. Na ji sanyi a raina. Na ce za a canza kwalba, ta warke, ba wanda zai sani. Ko sau ɗaya ban tuna da cewa an ninka mata allura ba.

Sabon maganin ya iso ranar Laraba da yamma. Alhamis da safe Zainabu ta fasa sabuwar kwalba ta ja yawan da aka ƙara, ta yi mata, ta ba ta ɗan zogale a ɗan farantin shayi. Takardun gwajin suga na gida sun ƙare tun kwana biyu. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya Innarku tana zaune a inuwar rumfa tana tsince wake, sai na ji faifai ya faɗi. Na fito na same ta ta jingina da turke, hannuwanta suna karkarwa, bakinta ya karkace, tana magana da Fulatanci tana kiran mahaifiyarta da ta rasu tun kafin a haifi Zainabu.

"Sugan ne ya sake hawa!" Zainabu ta yi ɗaki a guje.

Na durƙusa na dafa goshinta. A jiƙe yake sharkaf, amma sanyi ƙalau, a ranar da ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa. Na san zufar zafi, a cikinta na yi bazarar nan. Wannan ba ita ba ce. Sai maganar ma'aikacin asibiti ta shekarun baya ta dawo mini, cewa zufa mai sanyi da karkarwa faɗuwar suga ce. Nan take na gane. Sati uku ana taka totur har ƙasa domin man da ke tanki ruwa ne, yau an zuba fetur na gaske, ƙafa kuma tana nan a ƙasa.

Zainabu ta fito da allura a ɗure. Na kama wuyan hannunta.

"Ajiye."

"Baba, sake ni!"

"Ina sugan da kika ƙwace?"

"Na zubar a masai. Baba, mutuwa za ta yi, sake ni!"

Na fizge allurar na jefa kan rufi. Na shiga ɗakina na ɗauko gwangwanin sugan shayina da nake ɓoyewa a bayan talabijin, na zuba a kofi na dama da yatsa. Ina fitowa Zainabu ta tare ni, ta buɗe hannuwa tsakanina da uwarta.

"Wallahi ba za ka ba ta ba. Sai dai ka bi ta kaina. Ka haukace ne, Baba?"

Ban taɓa ɗaga mata hannu ba, kuma ƙarfina bai kai in ture ta ba. A bayanta ina ganin kan Innarku yana langaɓewa. Babu sauran dabara.

"Maganin da kike yi mata sati uku matacce ne," na ce. "Ni na kashe shi. Da ta tafi Tsaskiya na cire firij na ajiye a rana sati guda don in sa fanka. Ba ta sha komai ba. Na yau mai rai ne, kuma ninki kika yi mata. Suganta faɗuwa ya yi. Matsa, Zainabu."

Ta dube ni. Ban taɓa ganin irin wannan kallon ba, kuma ba na fatan in sake gani. Ta juya ta zauna a ƙasa ta ɗora kan uwarta a cinya, ta miƙo hannu ta karɓe kofin daga hannuna. Haƙoran a datse suke. Ta riƙa tsoma yatsa tana shafa mata a dasashi, tana kiran "Inna, Inna," ni ina durƙushe ina karanta duk abin da ya zo bakina, har ina haɗa surori. Ban san minti nawa aka yi ba. Na ga maƙogwaronta ya motsa. Zainabu ta ɗiga mata da cokali, ta haɗiye, ta sake haɗiyewa. Karkarwar ta ragu. Can ta buɗe ido ta dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Mi kuke yi mani a ka? Wa ya zubar mani da wake?"

Maƙwabci ya kai mu asibiti a motarsa. Na faɗa wa ma'aikacin komai, Innarku tana kwance tana ji. Bai zage ni ba, da ma ya zaga. Rubutu kawai yake yi, sannan ya ce, "Baba, da ka faɗa ran farko, da kwalba kawai za mu canza." Ya kwance ƙafar ya duba, ya ce wannan sai Katsina. A can aka yanke yatsun biyu.

Innarku ce ta hana Zainabu faɗa muku, kuma ba don ni ba. Ta ce Babangida ne ya kawo mini abin, in ya ji zai ce shi ya jawo. Har akwatin ma ta hana in fasa, don kada ya tambayi dalili. Shi ya sa, Bashir, duk zuwanka nake yaye zanen da ke kansa in hau in yi maka zagaye biyu kana dariya, kana cewa Baba bai tsufa ba. Ba laifinka a ciki ko kaɗan, kyauta ka yi wa mahaifinka. Ni ne na samu rufin asiri na shige ƙarƙashinsa shekara uku, ina ji kuna ce mata Hajiya mai suga a ɗankwali, tana dariya tare da ku. Zainabu, na sauke miki alkawarin. Ku je ku nemi gafarar uwarku, kowa da bakinsa.

Akwai abin da ko Zainabu ba ta sani ba. Kwana huɗu bayan aikin, da hantsi, Innarku ta aike ta neman ruwan zafi. Muka rage mu biyu, ina zaune a kan benci kusa da gadon, ƙafarta a naɗe da farin bandeji.

"Malam, tun yaushe ka sani?"

"Tun ranar da muka fara zuwa asibiti."

"Ranar da na dafa Alƙur'ani kana ina?"

"Ina ɗaki."

"Kana ji?"

"Ina ji."

Ta juya fuska wajen taga.

"Firij ɗin na yafe," ta ce. "Wauta ce, kowa yana yi. Yatsun ma na yafe, Allah ya rubuta ba da su zan shiga kabari ba. Na ranar nan kuwa, kada ka roƙe ni. In na iya, ni zan faɗa maka da kaina."

Ta warke ta dawo gida. Tana dafa mini tuwo, tana tsokanata kamar da, ni nake yi mata allura safe da yamma. Wani lokaci in na gama ina goge wurin da auduga sai ta buɗe baki kamar za ta yi magana, in tsaya cak da audugar a hannu, sai ta ce in miƙo mata sandarta. Har yau ba ta faɗa ba, ni kuma ban tambaya ba.